Ina zan samo sahihin tarihin Jihar Jigawa ba tare da na kashe kuɗi ba?

Ɗalibar Kafin Hausa: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, kuma kundin da zan rubuta a kan yadda tsarin mulki ya sauya ne a yankin da ya zama Jihar Jigawa, tun daga zamanin En'e (hukumar sarakuna ta lokacin Turawa) zuwa yau. Sati uku ke nan ina lalube a intanet, abin da nake gani ɗaya ne: an ƙirƙiri jihar ranar 27 ga Agusta 1991, hedikwata Dutse, ƙananan hukumomi 27, masarautu biyar. Kowane shafi na buɗe wannan ne, kamar sun haɗa baki. Littattafan da aka ce in nema kuwa kuɗinsu ya fi ƙarfina. Don Allah wanda ya san inda ake samun ingantaccen bayani kyauta ya taimaka min.

Abba Ringim: Wa alaikumus salam. Ƙanwata ki shiga Wikipedia mana, akwai ta Turanci akwai ta Hausa, har jerin gwamnoni suna nan tun daga Kanar Olayinka Sule har Umar Namadi. In ba ta ishe ki ba ki tambayi manhajojin nan masu amsa tambaya, cikin minti biyu za su zubo miki shafi goma.

Ɗalibar Kafin Hausa: Yaya Abba, malamin da ke duba min aikin ya ce duk wanda ya kawo masa Wikipedia a matsayin hujja zai mayar masa da takardarsa.

Malamin Tarihi: Malaminki ya yi daidai, amma shi ma Abba bai ɓata gaba ɗaya ba. Wikipedia bakin ƙofa ce. Ki karanta, sannan ki gangara can ƙasan shafin inda aka nuna daga ina aka ɗauko magana, ki bi waɗancan. Jumlar da ba a nuna tushenta ba ki bar ta a inda kika gan ta. Manhajojin kuma sukan ba mutum sunan littafi da marubuci da shekara, a je nema a tarar babu littafin a duniya. Na sha kama irin wannan a takardun ɗalibai, kuma abin yana ƙona min rai, domin yaro ya yi asarar lokacinsa yana zaton ya yi bincike.

Amma 'yata, babbar matsalarki ba wannan ba ce. Kina neman Jigawa da sunan Jigawa, alhali sunan bai wuce shekara talatin da ɗoriya ba a takardun gwamnati. Kafin 1991 Jihar Kano ce, wadda Janar Gowon ya kafa ranar 27 ga Mayu 1967 aka ba Audu Bako. Kafin nan kuma Lardin Kano ne a ƙarƙashin Jihar Arewa. Haɗejia da Gumel da Kazaure kowacce da Sarkinta da En'enta, amma Razdan na Kano, wato Baturen da ke mulkin lardin, shi ne a kansu. Dutse da Ringim da Birnin Kudu da Gwaram da Jahun kuwa gundumomi ne na Masarautar Kano, hakimai ke riƙe da su. To duk takardar da ta girmi 1991 tana kwance ne a ƙarƙashin sunan Kano ko sunan masarautar. Ki sauya kalmar da kike nema da ita, za ki ga ƙofofi sun buɗe. Kuma ki lura da rubutun Turawan mulki: Hadeija suke rubutawa, Gumel kuma Gummel. In ba ki rubuta yadda suka rubuta ba, na'ura ba za ta nuna miki ba.

Ɗalibar Kafin Hausa: Allah ya gafarta Malam, wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. To a ina zan rubuta sunayen?

Malamin Tarihi: Fara da Internet Archive, wani rumbun littattafai a intanet. Kyauta ne, kuma tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare ana sauke su gaba ɗaya. A can za ki samu littafin tafiye-tafiyen Barth, Bajamushen nan da ya zo Kano a 1851 ya bi ta Gumel ya wuce Kukawa, ya rubuta abin da ya gani na kasuwa da ganuwa da sha'anin sarauta. Ki nemi kuma rahotannin shekara-shekara da gwamnatin mulkin mallaka ta Arewa ke aika wa Landan tun daga 1900, an ɗora su a intanet. Na 1905 zuwa 1906 shi ke ɗauke da bayanin Gwamna Lugga a kan boren Satiru kusa da Sakkwato da yaƙin Haɗejia. Akwai kuma ɗan littafin da Razdan Gowers ya tattara a kan Lardin Kano a 1921, mai jerin sarakuna da taƙaitaccen tarihin kowace masarauta.

Baba na Ƙofar Arewa: Malam, da girmamawa, a nan zan tsaya maka. Yarinya ta zo neman sahihin tarihi, kai kuma ka tura ta wurin mutanen da suka shigo Haɗejia da igwa a 1906 suka kashe Sarki Muhammadu da jama'arsa masu yawa. Wanda ya kashe ka ne zai ba da labarin mutuwarka? Mu a gida muka ji wannan labari daga bakin waɗanda kakanninsu suka tsaya a ranar. Har yau Mai Shahada muke ce masa. A takardar Bature kuwa mai taurin kai ne da aka je ladabtarwa. 'Yata ki zo Haɗejia, ki je fada, ki zauna da dattawa da maroƙan sarki. Ba za su karɓi ko sisinki ba sai goron gaisuwa.

Malamin Tarihi: Baba, ban ƙi ta taka ba ko kaɗan. Ban ce ta ɗauki maganar Lugga a matsayin gaskiya ba, na ce ta karanta. Rahoton nan an rubuta shi ne don a gamsar da mutanen Landan cewa abin da aka yi daidai ne, kuma sanin haka shi ne rabin karatunsa. Amma a cikinsa akwai abin da baki ba ya riƙewa, kamar kwanan wata da yawan sojan da aka tura da dalilin da su suka bayar. Shi kuma baki yana riƙe da abin da takarda ta ƙi rubutawa, sunayen waɗanda suka faɗi da yadda gari ya kwana bayan abin. Mai bincike yana ajiye su gefe da gefe ne ya ga inda suka haɗu da inda suka rabu.

Kuma Baba, ka yi min afuwa in faɗi wannan, ita ma fada tana da nata ɓangaren. Tambayi labarin Sarkin Haɗejia Buhari, wanda ya bijire wa Sakkwato a tsakiyar ƙarni na 19, a Haɗejia, sannan ka tambaya a garuruwan da dakarunsa suka kai wa hari. Labari biyu za ka ji, kowanne kuma da dattijon da zai rantse a kai.

Baba na Ƙofar Arewa: Wannan haka yake, ban musa ba. Abin da nake gudu shi ne yaranmu su ɗauka duk abin da aka buga da injin ya fi abin da kakansu ya faɗa musu. Dattawan nan tafiya suke yi ɗaya bayan ɗaya. Takarda za ta jira ta, su ba za su jira ba. Ta fara da su.

Maman Hanif: Ni ina bayan Baba a kan ta fara da mutane, amma da sharaɗi. Lokacin da na yi nawa aikin na yi hira da wani tsohon malamin haraji na En'e, ban rubuta ranar ba, ban rubuta shekarunsa ba, ban kuma ɗauki muryarsa ba. Da aka zo kare kundi aka tambaye ni, ba ni da abin nunawa, shi kuma Allah ya yi masa rasuwa. Har yau abin yana damuna. Ƙanwata ki nemi izini ki ɗauki murya a wayarki, ki rubuta suna da gari da rana da matsayin mutum. Sannan kada ki tsaya a kan maza kaɗai. Tsofaffin matan gidan sarauta da jakadu sun san abin da fadawa ba su sani ba, musamman wa ya auri 'yar wa, wanda sau da yawa shi ke bayyana dalilin da sarauta ta koma wani gida.

Ma'aikacin Laburare: Bari in sa baki ta ɓangaren aikina. Abin da yake intanet kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da abin da ke kan kanta. Takardun Lardin Kano na zamanin Turawa suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Akwai fayilolin ofishin Razdan na Kano, akwai kuma na Sakateriyar Lardunan Arewa. Abin da zai fi yi miki amfani shi ne rahoton ƙiyasin haraji na gunduma-gunduma. Kafin a yanka wa gunduma haraji sai an tura jami'i ya zagaya ta ƙauye-ƙauye, ya rubuta yawan mutane da dabbobi da gonaki da sana'o'i, ya haɗa da tarihin gidan hakimi da na dagatai. Ba don son tarihi suka yi ba, don kuɗi suka yi, amma abin da suka bari babu irinsa.

A Kadunan dai akwai Arewa House, tsohon gidan Sardauna a kan titin Rabah, wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello tun 1970. A Kano kuma akwai Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa, da Gidan Mambayya, tsohon gidan Malam Aminu Kano, a Gwammaja in kina son siyasar NEPU da PRP, da laburaren Murtala Muhammed. Ki karɓi wasiƙar gabatarwa daga sashenku kafin ki tafi ko'ina, tana sauƙaƙa abubuwa.

Ummu Khalil: Malam ma'aikaci, ta ce kyauta fa. Daga Kafin Hausa zuwa Kaduna kuɗin mota nawa ne yanzu? Ga masauki, ga abinci, ga kuɗin kwafi, ga ta mace, ba lallai gida su bar ta ta tafi ita kaɗai ba. Mu riƙa ba da shawarar da talaka zai iya ɗauka.

Ma'aikacin Laburare: Gaskiyarki Hajiya. To ga hanyar da ba sai ta tashi ba. Waɗanda suka riga ta zuwa Kaduna sun kwafo takardun nan a cikin kundayen digirinsu na biyu da na uku. Jami'ar Ahmadu Bello tana da rumbun kundaye a intanet mai suna Kubanni, ana saukewa kyauta. Makarantar SOAS ta Landan ita ma ta saki tsofaffin kundayenta, kuma 'yan Arewa da dama a can suka yi digirinsu na uku a kan tarihin masarautunmu. Ta karanta, ta duba lambobin fayil da suka ambata, ta tara su a takarda ɗaya. In daga baya tafiyar ta yiwu, kwana biyu ya ishe ta domin ta san abin da za ta ce a ɗauko mata. In ba ta yiwu ba, ta faɗi gaskiya a kundinta cewa ta samu bayanin ne ta hannun wane, kada ta nuna kamar ita ta buɗe fayil ɗin.

Sai maƙalun masana. Shafin JSTOR, rumbun maƙalun masana, suna barin mutum ya yi rajista kyauta ya karanta wasu maƙalu kowane wata a kan allo. AJOL kuma na mujallun Afirka ne, da yawa a buɗe suke. In ta ga maƙala a Google Scholar an kulle, ta danna inda ake nuna sauran kwafe-kwafen, sau da yawa akwai wanda marubucin ya ɗora da kansa.

Tsohon Akawu: Duk kun tafi tarihin da, kun bar rabin tambayarta. Ta ce har zuwa yau. Ni na yi shekaru a aikin gwamnati, bari in faɗa mata inda gwamnati ke ajiye maganarta da ba ta iya janyewa. Na farko Kundin Tsarin Mulki na 1999, yana intanet kyauta. A jadawali na farko an jera kowace jiha da ƙananan hukumominta da hedikwatarta, nan za ki kafa hujjar 27 ɗin nan, ba shafin wani ba. Na biyu gazet, wato takardar sanarwar gwamnati, domin a cikinta ake buga doka ko naɗi ko sauya iyaka a hukumance. Na uku kasafin kuɗi, kuma a nan nake so ki buɗe ido. Kasafi alƙawari ne, abin da aka ce za a kashe. Abin da aka kashe a zahiri yana cikin rahoton aiwatar da kasafi na wata uku-uku da rahoton babban mai binciken kuɗi na jiha, wanda sashe na 125 na Kundin Tsarin Mulki ya wajabta ya miƙa wa majalisar dokoki. Ɗalibai da 'yan jarida da yawa sukan ɗauki adadin da ke kasafi su ce an kashe, kuskure ne babba. Tun da Bankin Duniya ya kawo shirin SFTAS a 2018, wanda ya riƙa ba jihohi tallafi in sun wallafa takardun kuɗinsu, jihohi suka fara ɗora waɗannan a shafukansu. Kason da ake rabawa daga asusun tarayya wata-wata da kuɗin shiga na cikin gida suna shafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, bashin jihohi kuma yana shafin Ofishin Kula da Basussuka.

Abba Ringim: Baba Akawu, takardar gwamnati ai yabon kai ce. Wace gwamnati ce za ta rubuta laifinta?

Tsohon Akawu: Ɗana, ka bambanta jawabin kwamishinan yaɗa labarai da rahoton mai binciken kuɗi. Na farko yabo ne, na yarda. Na biyu kuwa aikinsa ke nan ya rubuta inda aka fitar da kuɗi babu takardar shaida. Ka taɓa buɗe ɗaya ka karanta? Mutane ba sa karantawa ne kawai saboda yana da kauri kuma babu daɗin karatu. In ma kana shakka, ƙungiyar BudgIT tana fitar da rahoto duk shekara tana gwada jihohi da juna, sai ka haɗa ka gani.

Ɗalibar Kafin Hausa: Baba, tunda an zo maganar alƙaluma, ga wani abu da ya rikita ni. A wani wuri na ga yawan mutanen Jigawa a ƙidayar 2006 shi ne 4,348,649, a wani wurin kuma 4,361,002. Wanne ne na ƙarya?

Tsohon Akawu: Babu na ƙarya a ciki. Na farkon sakamakon wucin gadi ne da aka sanar a farkon 2007, na biyun shi ne na ƙarshe da aka buga a gazet ɗin tarayya a 2009. Ki yi amfani da na biyu, ki faɗi dalili. Duk wani adadi da kika gani na bayan nan kuma hasashe ne aka yi da lissafi, domin ba a sake ƙidaya ba tun 2006. Ki rubuta shi a matsayin hasashe, ki faɗi wanda ya yi shi.

Malamin Tarihi: Kin ga wannan tambayar da kika yi, ita ce bincike. Haka za ki yi wa shekarun sarakuna ma. Tarihin Kano da Palmer, wani Baturen mulki, ya fassara ya buga a 1908 tsawon mulkin kowane sarki yake bayarwa, shekarun miladiyya da ake gani a gefe lissafi ne aka yi da baya-baya. Saboda haka in kin ga littattafai biyu sun saɓa da shekara biyu ko uku a kan wani sarki, kada ki zaɓi wanda ya yi miki daɗi, ki nemi yadda kowanne ya samo nasa.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ina bin zancen daga Zinder. Ƙanwata in za ki taɓa Gumel, kada ki tsaya a iyakar Maigatari. Gumel ba ta bi tutar Sakkwato ba, Barno take bi, kuma ta daɗe tana gwabzawa da Damagaram, don haka rabin labarinta yana wajenmu. Laburaren ƙasar Faransa yana da shafi mai suna Gallica, kyauta ne. A ciki akwai takardun tawagar Tilho, wani jami'in Faransa, da ta shata iyakar Nijar da Najeriya tsakanin 1906 da 1909, sun tattara tarihin masarautun bakin iyaka daga bakin mutanen lokacin. Da Faransanci ne, amma in kin samu shafukan ki turo nan zauren in fassara miki.

Ɗalibar Kafin Hausa: Na gode ƙwarai Yaya, Allah ya bar zumunci. Saura abu ɗaya. Babi na uku a kan yadda aka yi fafutukar neman jihar ne da shekarun farko, lokacin Gwamna Ali Sa'ad Birnin Kudu daga 1992 zuwa 1993. Wannan bai tsufa ya shiga gidan adana takardu ba, bai kuma zo zamanin intanet ba.

Ma'aikacin Laburare: Wannan tsakanin shi ya fi wahala, kuma maganinsa jarida. New Nigerian ta Kaduna, Triumph ta Kano da aka kafa a 1980 zamanin Abubakar Rimi, da Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ki nemi daurarrun kwafe na watan Agusta da Satumba 1991 a manyan laburaren jami'a ko na jiha, Kano ta fi miki kusa. Ki tuna dukkansu jaridun gwamnati ne a lokacin, ki karanta su da wannan sanin. Akwai shafin Archivi.ng da ke ɗora tsofaffin jaridun Najeriya kyauta, ki gwada, ko da yake na Legas sun fi yawa a ciki. Wayback Machine kuma yana ajiye tsohon kamannin shafukan gwamnati, yana da amfani in sabuwar gwamnati ta goge abin da ta tarar.

Tsohon Akawu: In wata ma'aikata ta hana ki takardar da ba ta sirri ba ce, akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Ki rubuta wasiƙa ki ambaci dokar, ki faɗi takamaiman takardar da shekararta, ki sa a buga miki hatimin karɓa a kwafinki. Kwana bakwai doka ta ba su su amsa. Amma shawarata ki fara da sallama da ladabi a ofishin akawun majalisa ko sashen tsare-tsare, sau da yawa ba a kai ga wasiƙa.

Baba na Ƙofar Arewa: Kuma waɗanda suka yi ta zirga-zirgar neman jihar nan wasunsu suna raye, suna Dutse da Haɗejia da Gumel da Kazaure. Wasu ma suna da kwafen takardar koke da aka kai wa gwamnatin Babangida a cikin akwatinsu. 'Yata in kin shirya zuwa Haɗejia ki yi min magana ta akwatin sirri, zan sa jikata ta raka ki gidajen da ya kamata.

Ɗalibar Kafin Hausa: Allah ya saka da alheri Baba, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Yanzu na rubuta Hadeija yadda Malam ya ce, ga rahoton 1905 zuwa 1906 ya fito, ina kan saukewa. Zan karanta shi a daren nan in rubuta tambayoyin da zan yi wa dattawa a kansa. Ranar Asabar in Allah ya yarda zan shigo Haɗejia da safe.